Fijon Baba da Hanyar Maradun

Talata Mafara,
Ranar Talata, bayan Azahar.

Zuwa ga Yaya Abdulhamid,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta dace da babban wa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da abokan sana'arka a Fatakwal. Ya ruwan Kudu, ya kasuwar shanu? Allah ya sa albarka a nema, ya tsare ka daga haram. Mu nan lafiya lau muke. Inna tana fama da gwiwa, amma ba ta bar azumin Litinin da Alhamis ba. Ni ma ina nan ina koyar da matan aure a Islamiyya. Na zaɓi rubutu maimakon waya ne saboda abin da zan faɗa ba zai faɗu a tsakar gidan da kowa ke jin kowa ba.

Ka san ƙanenmu Lukman ya sayo tsohuwar Fijon Baba, motar da Baba ya yi shekaru yana haya da ita tsakanin Mafara da Sakkwato kafin ciwo ya sa a sayar. Abin da ba ka sani ba shi ne ni ce mafari. Bara da na je ta'aziyya Birnin Tudu ta Bakura, na hango ta a bayan wani gida, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Na gane ta ne da wata lotsawa a ƙofar direba, wadda Baba ya yi ranar da aka haifi Lukman. Da na yi shiru, da tana can har gobe. Amma na dawo na ba shi labari, har ina ƙara wa maganar daɗi, cikin mako guda kuwa ya sa aka jawo ta da igiya.

Wata goma sha ɗaya ya yi a kanta shi da Nagode bakanike. An sauke inji an wanke, an sake lagireto da birki, an yi wa gindinta walda inda tsatsa ta cinye, sau biyu Lukman yana zuwa Kaduna neman fitilun da suka dace da ita. Ya hana a gyara lotsawar nan, sai dai aka bi ta da fenti ruwan madara irin na asali. Ranar da ta tashi ina cikin alwala. Ƙarar ta shigo gida daidai yadda take shigowa muna yara, har Inna ta miƙe ba tare da sanda ba. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka, na kuma ji wani alfahari da na daɗe ina gargaɗin ɗalibaina a kansa. Na shiga an zaga da ni don gwaji har bakin kasuwa, ina jin daɗin yadda ake juyowa ana kallo.

Wannan kallon ne yanzu ya hana ni sukuni. Ka daɗe ba ka zo ba, ba ka ga yadda muka koma ba. Yau a garin nan mai hali shi ne mai hawan motar da ta fi kowace muni, ya bar ta da ƙura da gangan, ya sa tsohuwar riga in zai fita gari. Mutanen daji masu garkuwa da mutane suna da masu kai musu rahoto a tasha da kasuwa, ba kuma wanda ya san fuskarsu. Lukman yana cewa wa zai kula da motar da ta girme shi. Ni kuwa na ji abin da mata ke faɗa: sabuwar mota kowa na iya saya don neman abinci, amma wanda ya raya matacciya don sha'awa kawai, wannan ya ƙoshi. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa ma'aikacin ofishin noma ne mai 'ya'ya huɗu.

Talatar da ta wuce, Nagode ya aiko matarsa ta same ni. Ta ce wasu mutum biyu da ba a sani ba sun zauna a garejin, suna yaba fenti, suna shafa bodi. Suka tambayi ko mai ita ne wanda wansa ke kai shanu Kudu, sannan suka tambayi ko yakan fita gari da ita. Nagode ya ce musu bai sani ba. Amma ba sa bukatar amsarsa, domin rabin gari ya riga ya ji.

Ka san al'adar gidanmu: ba a fara amfani da abin hawa sai an kai wa babba ya dafa shi ya sa albarka. Babban da ya rage mana Baffa Mamuda ne a Maradun, ga shi ba ya iya tafiya. Lukman ya sa ranar Asabar, ya faɗa a masallaci, ya faɗa a majalisa, duk wanda ya zo taya murna sai ya ji rana da lokaci. Ya kuma yi wa Inna alkawarin kujerar gaba. Na roƙe shi ya je a motar haya ya karɓo addu'ar da baki. Ya ce Baffa ne ya koya wa Baba tuƙi a wannan sitiyarin, ba zai hana tsoho ya taɓa shi kafin ya bar duniya ba. Da na matsa, sai ya yi dariya ya ce ashe Malama mai wa'azin tawakkali ita ce ta fi kowa tsoro a gidan. Inna kuma ta riga ta sa an wanke mata mayafi.

Maganarsa ta zauna mini, domin akwai gaskiya a ciki. Na san ajali ba ya jiran hanyar Maradun. Na tambayi kaina ko wannan tsoro raunin imani ne, ko kuwa kaina nake karewa, don kada a ce ni na nuna masa motar. Ban sami amsar da ta wanke ni ba. Abin da na sani kawai shi ne, in na rufe ido Inna nake gani da wannan gwiwar ana kora ta cikin daji a ƙasa.

Don haka na yi abin da ban taɓa yi ba. Yau da safe, bayan Lukman ya tafi ofis a babur, na shiga ɗakinsa ba da izini ba, na ɗauki makullin motar. Guda ɗaya ne, na asali. Shi ne ƙarfen da ka ji a naɗe cikin wannan ambulan. Maiwada direba zai taso da tirelar shanu da La'asar, shi zai damƙa maka hannu da hannu, bai kuma san abin da ya ɗauka ba. Ba zan yi wa Lukman ƙarya ba. Da zarar tirela ta bar gari zan faɗa masa da bakina, in zauna in ji duk abin da zai ce. Na san zai iya sa a yanko wani makulli, amma bai taɓa tsallake maganarka ba, ba zai kuma tayar da motar da makullinta ke hannunka ba sai ya ji daga gare ka. Ina roƙonka don Allah kada ka ba shi izini. In kuma ka ga na yi kuskure, ka faɗa mini ba sassauci, ka mayar masa da abinsa. Sai dai ka sani, in aka tafi ranar Asabar zan shiga kujerar baya, domin ba zan zauna a gida in jira a kira ni ba.

Ka gaida Anti Lailatu, da Imrana da Bushra, a ce su riƙe karatu. Inna tana sa maka albarka, ba ta kuma san na rubuto ba. Allah ya tsare mu baki ɗaya, ya yafe mini hannun da na sa a abin da ba nawa ba.

Wassalam,
ƙanwarka,
Naja'atu.