Biyar a Kan Huɗu

Ni Yafet Kumai, tsohon malamin wasanni a Kagoro, na rubuta wa 'ya'yana huɗu wannan wasiyya da hannuna a Kafanchan. Ƙafafuna sun gaza, idona ya dushe, amma hankalina daram yake. Kada wani ya ce tsufa ne ke magana.

1. Bernice, wayar da kika aiko mini daga Kanada a mayar miki da ita. A cikinta na fara ganin hokin ƙanƙara, ni da na yi shekara talatin ina koyar da hoki, wasan buga ƙwallo da sanda, a kan jar ƙasa. Idan ɗan wasa ya yi laifi, fitar da shi ake yi na minti biyu, sai biyar su taru a kan huɗu. Masu wayo ba sa cunkushewa wuri ɗaya. Bazuwa suke yi, suna miƙa wa juna ƙwallo da sauri, ɗaya ya tsaya gaban mai tsaron gida ya tare masa gani, sannan a buga.

2. Dickson da Damaris, kun fi Turawa iya wannan wasa. An ɗaure ƙanenku Kaleb shekara biyu don ya fasa wa mutum kai a rikicin iyakar gona. Ya yi laifi, ban wanke shi ba. Amma ko wata bai cika ba kuka soma. Damaris, ke kika tsaya a gabana, kullum da kunu da addu'a, kina cewa komai lafiya. Dickson, kai ka shiga gonar cittarsa ta Kagoma, ka kori matarsa Joanna da yara biyu zuwa gidan iyayenta. Ni mai tsaron gida ban ga komai ba sai da damina ta wuce. Na ji kunya, kuma har yau raina a ɓace yake. Turawan nan abokan hamayya suke yi wa haka. Ku ɗan'uwanku kuka yi wa.

3. Gonar ta Kaleb ce. Na faɗa a gaban dattawan ikilisiya. A dawo da Joanna ɗakinta kafin a tona kabarina.

4. Gidan nan naku ne ku huɗu, ba a sayarwa. Sandata ta hoki kuwa a ba Kaleb, a tuna masa ƙwallo ake duka da ita.

5. Kuskuren masu rinjaye shi ne mantawa da agogo. Minti biyu na cika, ƙofar wurin da aka tsare mai laifi ta buɗe a bayansu, wanda aka fitar ya dawo da ƙarfinsa da fushinsa. Kaleb zai fito a Disamba, likita kuma ya ce ba zan kai Disamba ba. Babu mai tsayawa tsakaninku. Ku je ƙofar gidan yari ku ukun, ku tarye shi, ku faɗa masa gaskiya da bakinku.

Ubangiji ya albarkace ku, ya haɗa kanku cikin sunan Yesu. Ku riƙe juna. Amma idan Kaleb ya fito bai ga kowa a ƙofar ba, kada ku zo kabarina kuna waƙa.