Wasan da Ya Cinye Littattafaina

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya tsayuwar asibiti? Mama da Baba suna gaishe ki, gwiwar Mama da sauƙi, alhamdulillahi. A takarda na rubuto, zan ba direban da ke bi ta makarantarku, domin ƙara na kawo, kuma ba na so wanda nake ƙara ya gani a waya.

Yaya, Auta ya cuce ni. Wayar da kika bar mana kika ce mu riƙa karɓa-karɓa, ni yau shi gobe, ranar Talata na gama wanke-wanke na haye gado zan ƙarasa littafin da nake tsaka da shi, sai na tarar wayam. Littattafaina talatin da huɗu, duk babu! A gurbinsu wani wasan faɗa ne, da hoton wani ƙato ya wage baki yana ɗaga gatari. Wai wayar ce ta ce babu wuri, shi ne ya share abin da ba shi da amfani. Haka ya faɗa, ko kunyar idona bai ji ba.

Waɗancan zan iya sake samowa. Amma akwai wanda babu shi ko'ina a duniya. Ban taɓa gaya miki ba, don Allah kar ki yi dariya: ni ma labari nake rubutawa. Babi goma sha ɗaya, wata biyar ina yi. Ya tafi da sauran.

Na je shago ina kuka. Baba ko daga kan keken ɗinki bai ɗago ba, ya ce shi ba ya shari'ar abin da bai san hawa ba bai san sauka ba, mu kai wa mai waya. Don haka ke ce alƙali. Ki sa shi ya goge wannan shirmen yau ɗin nan.

Ƙanwarki mai jiran adalci,
Sarkin Kunya

Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin gama jarrabawa lafiya. Hukuncinki ya iso, kuma gaskiya ban ji daɗinsa ba. Wai in riƙe wayar in buga wasan sati ɗaya, in gaya miki ko ya cancanci zama, abin da na ce shi za a yi. Ni da aka zalunta, ni aka ba aikin gida! To, na bi umarni. Yau kwana biyar, ga abin da na gani.

Mutum uku ne ke karawa da mutum uku, kowa daga wayarsa, ba ka san su ba ba su san ka ba. Minti uku ana jibgar juna, shi ke nan. Me ya haɗa su faɗan? Babu wanda ya sani. Ba gado suke rigima a kai ba, ba wata suke so ba, ko uwa babu wanda ke da ita a cikinsu. Ka mutu, ka tashi, ka koma a sake kashe ka. Ga wayar tana zafi kamar dutsen guga, ga caji yana zuba. In kuwa sabis ya ɗauke, sai ka dawo ka tarar da gawarka. Kuma kowane motsi sai sun tallata maka sabuwar hula.

Na zaɓi wata siririyar yarinya mai riƙe da fitila, saboda ita kaɗai ce ta yi kama da wadda za a iya rubuta labari a kanta. Aikinta warkar da 'yan ƙungiyarta. Ranar farko ina ganin an taso min na ruga cikin ciyawa na laɓe, kamar yadda nake yi idan an yi baƙi. Ashe wai dabara ce. Wanda ke cikin ciyawa ba a ganinsa sai an zo daf. Yaya, abin da ake min faɗa a kai tun ina ƙarama, a nan maki ake bayarwa.

Akwai wani abu kuma, amma ki rufa min asiri. Tun rana ta biyu wani mai suna Garkuwa yake gayyato ni ƙungiyarsa, kullum bayan la'asar. Ba ya rubuta komai. Amma duk lokacin da aka kawo min duka, sai ya shiga gabana ya karɓa. Jiya sau uku yana mutuwa saboda ni. Da muka ci, bai yi rawar da sauran ke yi ba, ya zo kusa da yarinyata ya tsaya kawai. Na kife wayar a kan filo, sai da Mama ta tambaye ni ko zazzaɓi nake ji. Ni dai a raina dogo ne, marar surutu, mai yiwuwa maraya.

Ban ce wasan ya yi ba. Ina nan kan bakana. Saura kwana biyu.

Taki har kullum,
Sarkin Kunya

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, da sauri na yi shi.

Jiya Mama ta aike ni kai wa Baba zare, na tafi da wayar a hannu ina bugawa a hanya, abin da nake zagin Auta a kai. Daidai shagon mai aski Garkuwa ya shiga gabana aka buge shi, sai na ji an yi ihu daga ciki, da muryar da na sani tun tana kukan neman nono. Na leƙa ta labule. Auta ne a kan benci, riƙe da wayar mai aski, samari huɗu a kansa suna ba shi shawara, wani yana cewa ya sake mutuwa, wai ni alƙaliya na kusa saukowa.

Dogon maraya! Ƙanina ne mai kunne kamar faranti! Ashe tun da ya ji cewa hukunci a bakina yake, ya ari waya yana lallaɓa ni in ci, wasan ya shiga raina. Toshiya ce aka ba ni ina murmushi. Da ƙasa za ta tsage a wurin, da na gode mata.

Kin san ni, sulalewa na yi. Na koma gida, na gayyace shi karawa, ni a wata ƙungiya shi a wata. Na shige ciyawa na yi lamo. Shi kuwa bai iya komai ba sai rugawa tsakiyar fili yana wurga gatari. Sau biyar ina fitowa ta bayansa ina maka masa fitila. Biyar, Yaya! Har gida aka jiyo samarin suna masa dariya.

Da ya dawo na tare shi a bakin ƙofa, na tambaye shi inda ya koyi tsayawa gaban mace ba tare da cewa uffan ba, tunda a gida ko bokiti ba ya ɗaukar min. Ya yi ta murza kunne. Daga baya ya ce a labarina ya gani, wurin da wani malami ya tare wa wata yarinya ruwan sama a tasha. Ashe duk ranar da wayar ke hannunsa yana karantawa a ɓoye, har babi na sha ɗaya. Ya rantse bai san labarin yana cikin abin da ya goge ba, ya zaci yana wani wuri daban. Sannan don rashin ta-ido ya ce babi na bakwai ya yi tsawo, kuma me ya sa malamin bai faɗa mata gaskiya ba har yanzu, shi abin yana cin ransa.

Na rasa ko in mare shi ko in yi kuka. Sirrina ne ya buɗe. Amma Yaya, ya haddace shi, har da kalar gyalen da yarinyar ta yafa.

Ga hukuncina, ki sa hannu. Wasan ba shi da kai ba shi da ƙafa, mai cin caji ne, kuma matattarar mayaudara ce. Amma zai zauna. Sharaɗi: kullum Auta zai zauna gabana ya maido min babi ɗaya da baki, ni ina rubutawa a littafi mai bango, wanda ba a gogewa. Ranar da babu babi, babu gatari. Yau mun yi na farko, har da gyara min inda na manta.

Yarinya mai fitila kuwa tawa ce, kar ya kuskura ya taɓa ta. Kuma babi na bakwai ba zan rage ko layi ɗaya ba.

Ki gaida abokan ɗakinki. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Ƙanwarki,
Sarkin Kunya