Madacin Mma

Daren Laraba, Zogbeli

Yau na fara komawa dutse ɗibar ɓawon magani tun rasuwar Mma. A ƙungiyarmu gefe ɗaya ake sara, a shafe wurin da laka don itacen ya warke. Ina sara ina tunaninta, ban farga ba sai da na kusa zagaye madacin da ta saba ɗiba. Faɗin tafin hannu kawai ya rage.

Magajiyar ƙungiyarmu ta duba ta ce, "Ɗiyata, sai mu jira damina. In ya bushe, ke da dutse har abada."

Sau uku na shafa laka. Tsoro nake ji. Shekara da shekaru Mma tana saransa bai mutu ba, ni rana ɗaya.