Ka Ɗaga Wayar Edgbaston, Malam

"Duk inda kika je, Zinatu, ni ne shaidarki." Haka ka ce, Malam Ɗan'azumi, ranar da na bar koyarwa a makarantarka.

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Hajiya Raki? Ya yara? Ni lafiya lau, sai dai tun da council, wato ƙaramar hukumar nan, ta rage kuɗin makarantu aka daina kiranmu aji, mu malaman wucin gadi. Yanzu wanka nake yi wa tsofaffi a unguwar Longsight, nan ƙasar Turawa. Kada Inna ta ji.

Wata makarantar kuɗi a unguwar Edgbaston ta yarda ta ɗauke ni koyar da lissafi. Sharaɗinta ɗaya, ta ji ta bakin shugaban da ya san aikina. Sun yi ta kiranka. Hajiya ta ce da ka ga lambar ƙasar waje sai ka ce 'yan damfara ne, ka kashe. Malam, me ka tara da za a damfara? A shekaruna, ba kowa zai sake dubana ba.

Juma'a za su ba wani aikin. Allah ya ba ka ikon ɗaga waya. In ba ka ɗaga ba, zan ɗaure littattafaina in aiko maka, ka raba wa ɗalibai. Ni na gama da aji.

Zinatu Sanda