Nauyin Tagogi Huɗu

Litinin, 6 ga Maris, 2023. Whangarei.

Yau shekara talatin cif da masu gina jiragen ruwa na tsere suka mayar mini da zanena a cikin ambulan. "Jirgin nan ya yi shafal da yawa, Pryor, teku za ta farfasa shi." Bayan shekara biyu wani jirgi mai irin jikinsa sak ya ci babban tseren, da sunan wani mutum a kai. Ni kuwa na ƙare da zana jiragen kwasar yashi a Newcastle. Digiri biyu, yashi.

Shi ya sa da Noeline Garrick ta rubuto cewa ƙungiyarta ta tsofaffin sojoji na son gina jirgin tsere mai tafiya da iska, su shiga tseren Fiji baɗi, ban tsaya shawara ba. Na sayar da gida, na bar Ostareliya ina da shekara sittin da takwas. Ba don sojojin ba, ban san su ba. Don jirgin. Tsohon zanen nan zan gina. Kilo dubu shida da ɗari biyar, ko ɗaya ba zai ƙaru ba. A haka zai ci, su gani, waɗanda suka rage da rai.

Laraba, 15 ga Maris

Na kafa sikeli a ƙofar rumfa. Duk abin da zai shiga jikin jirgi sai ya hau, ko da noti ɗaya ne.

Ma'aikatana goma sha ɗaya, babu wanda ya taɓa gina ko kwale-kwale. Biyu ne suke zuwa kullum. Rewi Paraone, tsohon saja, ya bar ƙafar hagu a Afganistan. Ya kwance ta robar ya ɗora a sikelin. "Rubuta, Farfesa. Ni tuni na rage maka kilo huɗu, kai me ka rage?" Sai Sione, ɗan Tonga, ƙato kamar ƙofar gari, ba ya magana. Hannu gare shi. Sau ɗaya na nuna masa yadda ake shafa gam.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Ruwan sama. Ɗakin da Noeline ta kama mini yana kallon kogi. Babu laifi.

Juma'a, 9 ga Yuni

Ƙarfe goma kowa ya ajiye aiki a sha shayi, ko da gam na bushewa. Na yi faɗa har na gaji. Yanzu ni ma ina zama. Rewi ya ce tun da aka halicci duniya ba a taɓa ganin ɗan Ostareliya ya sayi biskit ba. Na sayo kwali guda. Ya ce a kira 'yan jarida.

Sione ya goge gefen dama shi kaɗai, kwana tara. Na bi da tafin hannu ido a rufe, ban ji tudu ko ɗaya ba. Ban gaya masa ba.

Asabar, 19 ga Agusta

Mun juya jirgi. Tun farko a kife ake gina shi, yau ya kwanta a kan cikinsa. Mutum talatin da igiyoyi, matansu da 'ya'yansu a gefe, Rewi yana ba da umarni kamar a fareti. Jirgin ya zauna daidai. Na zagaya gabansa na tsaya. Shi ne. Yadda na gan shi a kaina tun ina da gashi.

Aka gasa nama. Matar Sione ta kawo ɗanyen kifi cikin madarar kwakwa, na ci faranti biyu. Noeline ta ce, "Desmond, murmushi nake gani?" Na ce hayaƙi ne.

Talata, 3 ga Oktoba

An fara. Noeline ta zo da takarda: ƙarafan riƙewa daga gaba har baya, matakala mai faɗi, kujera mai ɗamara ga mai tuƙi. Kilo casa'in. Na ce mata jirgin tsere nake ginawa, ba asibiti ba. Ta ce, "To wa zai tuƙa maka, kifi?"

Na yarda da rabi. Na rama a wasu wuraren: fenti shafa ɗaya, ƙofofi babu, ko marfin masai na cire. Rewi ya ce saura in hana su cin abinci.

Laraba, 22 ga Nuwamba

An ɗora rufi. Ciki ya yi duhu, kamar yadda ya kamata. Zanena ba shi da taga. Taga rami ce, rami kuma sai an kewaye shi da ƙarfi, ƙarfi nauyi ne.

Na aiki Sione ya shiga ya ɗaure wayoyi a can gaba. Ya tsaya a bakin matakala. Na sake faɗa, da tsawa, na san da tsawa ne. Ya sauka. Bai yi minti biyu ba ya fito da rarrafe, ya jiƙe sharkaf, ya wuce ni ya fita. Motarsa ta tashi.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Bai zo ba.

Rewi bai yi mini ba'a ba yau, abin da ya fi damuna ke nan. Da shayi ya ce, yana kallon kofinsa: motar sulke, bam, ta kife, awa shida Sione yana ciki da gawar direba. "Tun ran nan ko banɗaki ba ya rufewa, tsoho. Muddin yana ganin sama, lafiyarsa lau."

Fiji kwana shida ce ko bakwai. Babu mai yin kwana bakwai a saman jirgi ba tare da ya sauka ya kwanta ba. Ke nan ba zai je ba.

Ba ni na dasa bam ɗin ba. Akwai mutum goma da ke son gurbinsa.

Talata, 28 ga Nuwamba

Bai zo ba. Wani ya shafa gam a madadinsa, sai da na kankare.

Na yi lissafi, don in sani kawai. Taga huɗu manya a rufi, biyu daga cikinsu a kan gadon gaba. Da gilashi mai kauri da abin da zai riƙe su in igiyar ruwa ta faɗo: kilo ɗari da ashirin, kuma a sama, inda nauyi ya fi cutarwa. Na yaga takardar.

Litinin, 4 ga Disamba

Na zo kafin kowa, na ɗauki zarto. A yanka na farko na kauce da kusan rabin inci. Rewi ya shigo ya same ni a kan rufi, ƙura har gira. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Farfesa, ɓera ya shiga jirginka." Na ce iska nake nema, gam yana wari. Ya ce ƙwarai kuwa, ya fita da waya a hannu.

Tunda na riga na ɓata, na ce wa Noeline ta kawo sauran ƙarafanta.

Laraba, 6 ga Disamba

Sione ya dawo. Bai gaishe ni ba. Ya hau ya duba ramukan, ya shafa bakin na farko. "Wa ya yanka wannan?" Na ce ni. Ya ce, "A karkace yake, Baba." Ya karɓi zarton.

Da rana na leƙa. Yana kwance a gadon gaba, takalmi a ƙafa, rana a fuskarsa. Na ba shi minti goma kafin na yi masa magana a kan wayoyin.

Asabar, 10 ga Fabrairu, 2024

An saka jirgi a ruwa. Wani dattijo daga dangin Rewi ya yi addu'a da harshensu, Noeline ta yi kuka, ta ce ba kuka ba ne. Muka fita bakin teku da iska mai kyau. Rewi a kujerar tuƙi yana ihu kamar yaro. Sione ya sauka ciki ya dafa shayi, ya miƙo mini ta taga. Ya cika sukari.

Na sabunta hayar ɗakin, shekara guda. Saboda kogin.

Kafin a sauke jirgin a ruwa, injin ɗaga kaya ya auna shi. Dubu shida da ɗari bakwai da goma. Na yi lissafin sau uku a bayan ambulan: ƙarin nauyin zai jinkirta mu wajen awa biyar tsakanin nan da Fiji. Ba zai ci tseren ba, kuma ba zan sake gina wani ba.