Tambayar Mai Baƙar Hula

Tokyo, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga Mamata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya gwiwar? Yaya sanyin Onomici? Kwalin lemun ya iso, abokan aikina sun cinye rabi kafin in ankara.

Mama, mako uku ke nan da fitowar fim ɗinmu na zane, amma Baba bai ce min uffan ba. Shekara huɗu muna zana littafinsa hoto bayan hoto. Na aika masa tikiti, na kira sau biyar, kullum ke kike ɗauka.

Wasiƙun 'yan kallo sun cika mana tebur. Yara na tambayar me dodon teku yake ci. Manya kuwa tambayarsu ɗaya ce: a littafi, da yarinyar ta shiga birnin ƙarƙashin ruwa don ta ɗauko ƙaninta, ta saki hannunsa ta dawo ita kaɗai, me ya sa a fim suka fito tare? Shin marubucin ya yarda?

Furodusanmu, Kuwabara, ya ce ran Asabar zan tsaya a silimar Hiroshima in amsa da bakina. Na ce masa ba zan iya ba. Ya ce, "Ke ce darakta, ke ce 'yar marubucin. Wa zan tura, mai shara?"

Ban gaya wa Baba na canza ƙarshen ba sai da aka gama. Ki faɗa min gaskiya, ya kalla?

Ki kula da kanki.
'Yarki,
Cizuru

Tokyo, 6 ga Nuwamba

Mama,

Ina gaishe ki, ina fatan kin samu sauƙi. Wasiƙarki ta same ni. Kin ce ya kalla shi kaɗai, ya dawo ya shige ɗaki bai taɓa abinci ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ranar da ruwa ya ci ƙanina Satoru, ni aka bar wa shi a bakin teku. Shekarata sha ɗaya, shi biyar. Na zauna ina zanen kwalekwale, da na ɗago babu shi. Ba wanda ya zage ni a gidan nan, ko sau ɗaya. Sai bayan shekara uku Baba ya rubuta littafin yarinyar da ta saki hannun ƙaninta. Duk ƙasar nan ta karanta ta yi kuka. Ni kuwa na karanta na ce, to, ga abin da Baba yake gani idan ya dube ni.

Shekara talatin ina ɗauke da wannan. In aka tambaye ni ran Asabar, ban san ko ƙarya zan yi ba.

Kada ki nuna masa wannan.
Cizuru

Hiroshima, 8 ga Nuwamba

Mamata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san hankalinki ya tashi da kika ga Baba ya fita tun safe bai ce inda za shi ba. Yana nan, lafiyarsa ƙalau.

Zauren ya cika maƙil. Na amsa na yara, aka yi dariya. Sai wani tsoho mai baƙar hula ya miƙe daga layin baya, aka miƙa masa makirufo. Mama, Baba ne. Ba wanda ya gane shi, kin san ba ya yarda a ɗauki hotonsa.

Ya ce, "Malama darakta, na karanta littafin. Me ya sa yarinyarki ba ta saki hannun ba?"

Kuwabara yana ta yi min alama in kauce. Na kasa. Na ce, "Saboda na san yarinyar. Ina so ko sau ɗaya ne ta riƙe shi."

Mutane suka fara waiwaye. Sannan ya ce, "Marubucin nan matsoraci ne. Yaran suna da uba. Ranar ya yi alkawarin raka su, sai ya ce su yi gaba, bari ya ƙarasa shafi ɗaya. Da ya zo rubuta labarin, ya kasa sa kansa a ciki, ya bar wa yarinya nauyin laifin. Bai san abin da ya yi mata ba sai da ya ga fim ɗinki."

Ya cire hular, ya sunkuya mini a gaban mutum ɗari huɗu, ya daɗe bai ɗago ba. Ban san yadda na sauko daga dandamalin ba.

Yanzu muna shagon taliya kusa da tasha. Ya cinye kwanonsa, ya ja nawa. Wai dodon tekuna ya cika ƙiba, nasa siriri ne. Na ce ya zana nasa mu gani.

Zan saka wannan a aljihunsa ya kawo miki. Jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu zai hau. Ni zan biyo ran Litinin, ya ce mu je kabarin Satoru mu uku. Kada ki yi masa faɗa, Mama.

Taki har kullum,
Cizuru