Shuɗin Da Ke Hannun Rigar Babanki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga 'yata, 'Yar Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya raya su bisa tarbiyya, ya sa albarka a aikin asibitin da kike yi, ya ba marasa lafiyarku sauƙi. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Ƙafar babanki ta yi sauƙi sosai, har yana zagaya layi da safe ba tare da sanda ba. Sai dai har yanzu yana ƙara sukari a shayi idan na juya baya, yana tsammanin ban san yawan abin da na bari a gwangwani ba. Auta ta gama jarrabawa, tana zaune a gida tana cika mana kunne. 'Yar yayanki ta fara tsayuwa da kujera, haƙora huɗu, kuma duk abin da ta samu sai baki.

Na zaɓi in rubuto miki ne maimakon in kira, domin a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Da na fara sai ki ce Mama ana nemana a ɗakin marasa lafiya. To takarda ba a katse ta. Ki nemi wuri ki zauna, ki karanta har ƙasa.

Wata biyu ke nan ba kya ɗaga wayar yayanki. Bai kawo mini ƙara ba, ni na lura da shirunsa na tsare shi, na sa ya nuna mini saƙon da kika tura masa. Kika ce tunda ya zana duk mutanen gida ya bar ki, kin gane matsayinki, kuma wanda ya yi nisa dama ba a lissafa shi. Na karanta sau biyu don in tabbata ke ce kika rubuta. Ban yi miki tarbiyyar da za ki yanke wa na gaba da ke hukunci a kan hoto guda na waya ba, hoton ma da Gwaggonku ta ɗauka a karkace, hasken taga ya cinye rabinsa. Na san kuma abin da ta rubuta a ƙarƙashinsa. Ita ma ba ta cikin zanen, ina zaton abin da ke cinta ke nan, amma wannan tsakanina da ita ne.

Ba zan yi miki faɗa a kan rashin fahimtar zane ba, domin ni ma da ke gabansa sai da na yi kuskure sau biyu. Kin san shekarun da na yi ina adawa da sana'ar nan. Ɗan da na yi wa burin ofis ya ƙare a ɗakin baya yana warin fenti, farcensa kullum da launi. Ban ɓoye masa ba, ban kuma ɓoye miki ba. Amma yau yana riƙe da iyalinsa da ita, bai roƙi kowa ba, bai cuci kowa ba, kuma yana fita aiki a kan lokaci ko da ɗakin aikin taku goma ne daga ɗakin kwanansa. Na saki wannan maganar tuni, zuciyata a kwance take.

Da ya ce yana so ya zana mu gaba ɗaya a falo, a teburin shayin safe, na ɗauka aikin yini biyu ne. Ashe shi ba ya zana mutum daga hoto. Ya ce hoto ƙiftawar ido ɗaya yake kamawa, mutum kuwa sai an zauna da shi an ga yadda fuskarsa ke komawa idan ya manta ana kallonsa. Don haka ɗaya bayan ɗaya ya riƙa zaunar da mu, kowa a mazauninsa, kuma sai da safe kawai, kafin rana ta bar tagar gabas. Ni safiya goma sha ɗaya na yi riƙe da butar shayi a sama har kafaɗata ta yi tsami. Idan na motsa ya ce Mama a dawo da haɓa. Idan na fara yi wa Auta faɗa ya ce yauwa, a haka zan tsaya, wai wannan ce fuskata ta gaskiya. Na ce masa ya kiyaye ni.

Kuskurena na farko a rana ta uku ne. Ya fita wanke buroshi, na zagaya na leƙa. Wallahi sai na ga fuskata kore shar, kamar wadda ta kwana biyu a ruwa. Raina ya ɓaci. Na ce ashe haka yake ganin uwar da ta haife shi, kuma na rantse ba zan ƙara zama ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce wannan shimfiɗa ce kawai. Koren yake fara sawa a ƙasa ya bar shi ya bushe, sannan ya bi shi da ruwan ƙasa da ja siriri siriri, hawa hawa, koren na leƙowa kaɗan ta ƙarƙashi a wajen inuwar wuya da gefen ido. Wai in babu shi fuska takan fito kamar an shafa mata jar ƙasa, ba kamar fata mai jini a ciki ba. Ban yarda ba sai da na gani. A rana ta tara na kalli yadin zanen na ga mahaifiyata tana kallona, Allah ya jiƙanta. Ban taɓa sanin na yi kama da ita haka ba. Na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba. Abin da na koya shi ne ba a yanke wa aiki hukunci yana tsakiya, kuma wannan darasin bai tsaya a kan zane kaɗai ba, ki riƙe shi.

Yanzu bari in gaya miki abin da ke cikin zanen, tunda wayar Gwaggo ba ta gaya miki ba. Babanki yana kujerarsa da farar rigarsa. Ni ina tsaye da buta. Auta tana dariya, matar yayanki na riƙe da yarinya a cinya, shi kuma yana can bakin ƙofa, ta madubi ya zana kansa. Tsakanin babanki da taga akwai kujerar da kike zama tun kina firamare. Wurin nan bai sa masa fenti ba ko ɗigo, farin yadi ne kawai da siraran layukan gawayi, kafaɗa da kai da hannu a kan tebur. Layukan ba sa fitowa a waya. Ya bar wurin ne domin ke ma sai kin zo kin zauna kamar kowa. Hotunanki suna nan cike da wayarsa, da ya ga dama da ya kwafa a yini ɗaya, amma ya ce ba zai yi wa kowa na gida zama goma ba ya sallame ki da kwafe.

Wata rana bayan na gama shara na ja kujera na zauna gaban zanen ni kaɗai, kamar yadda ya ce a riƙa yi, a bar ido ya bi inda zanen ya ja shi. Ban tambayi kowa ba, da kaina na gano. Na ƙirga kofuna, shida ne, mu manya kuwa biyar. Bakin butar da nake riƙe da ita yana kan kofin da ke gaban kujerarki. Babanki ya karkata kai wajen. Dariyar Auta can ta nufa, kamar yanzu kika gama tsokanarta. Har jaririyar da ba ki taɓa ɗauka ba can take miƙa hannu. Duk inda na fara kallo sai idona ya gangaro ya tsaya a wurin da kika ce an manta da ke.

Kuskurena na biyu shi ne babba. A hannun rigar babanki, ɓangaren da ke kusa da kujerarki, na ga wani shuɗi ya hau farin daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa. Na kira yayanki na ce wannan wane irin wulaƙanci ne, shekara talatin da takwas ina wanke wa mutumin nan kaya ban taɓa barin wani tufafi ya yi masa zuba ba, yanzu za a rataye ni a bango jama'a su ce matarsa ba ta iya wanki ba. Na ce ya goge shi nan take. Bai yi musu ba. Ya fita ya ɗauko shuɗin bokitin wanki, ya sa babanki ya zauna a kujerarsa, ya ɗaga bokitin a cikin hasken taga kusa da shi, ya ce in duba. 'Yar Baba, da idona na ga shuɗi ya hau hannun rigar. Ya janye bokitin, farin ya dawo. Ya mayar, shuɗin ya dawo. Babanki yana zaune yana tambaya ko wanka za a yi masa a falo. Yayanki ya ce farin kaya ba ya zama shi kaɗai, kullum yana ɗaukar launin abin da ke kusa da shi. Duk wankin da na yi a duniya ban taɓa lura ba.

Sai na ce to a zanen ai babu wani abu shuɗi kusa da babanku. Ya ce akwai, mayafinki ne, wanda kika sa a safiyar ƙarshe da muka sha shayi tare kafin ki tafi. Ya ce tun ranar launin yake a idonsa, kuma shi ya fara damawa kafin ya taɓa fuskar kowa. Akwai shi a gefen butar da ke hannuna, akwai shi a bakin kofinki, akwai kaɗan a kumatun babanki. Kin riga mu duka shiga zanen nan. Wannan ne mutumin da kika rubuta wa cewa ba ya lissafa ki.

Ga inda maganar take yanzu. Masu baje kolin zane sun gani sun ce suna so, nan da wata uku. Tun da saƙonki ya zo ya juya zanen yana kallon bango. Makon jiya na shiga ɗakin aikinsa da safe na tarar ya juyo da shi, ya matsa farin fenti a kan katakon da yake damawa. Na tambaye shi, ya ce tunda ba kya so zai rufe shuɗin, ya zana labule a wurin kujerar, a wuce wurin. Na ce ya ajiye buroshin nan. Shi ma na wanke shi tas, na ce da bakinsa da ya buɗe ya yi miki bayani tun farko da ba a kai nan ba, amma ya zauna yana jira ƙanwa ta karanta zuciyarsa daga wata ƙasa. Na ce wannan taurin kai naku ban san inda kuka samo shi ba. Babanki ya yi wani tari a falo wanda ban ji daɗinsa ba. Na kwashe farin fentin gaba ɗaya na kulle a akwatina. Na san yana iya sayen wani, shi ma ya san na sani, amma ya yi mini alkawari ba zai taɓa wurin ba sai amsarki ta zo.

Don haka ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ki ba. Ranar da takardar nan ta shiga hannunki ki kira yayanki. Ke ce ƙarama, ke za ki fara, kuma ban da kwana kwana irin na an ce da na ji. Ki ce kin yi kuskure, ba za ki ragu da komai ba. Sannan hutun nan da kike ta cewa za ki ɗauka, ki sa masa rana ki gaya mana. Ya ce safiya huɗu ta ishe shi. Ni da ciwon kafaɗa na yi goma sha ɗaya, ke da ƙuruciyarki huɗu ba za su gagare ki ba. Idan kin fito kore a rana ta biyu kada ki tayar da hankalin gida, na riga na yi wannan a madadinki.

Babanki yana gaishe ki, ya ce kujerar tana nan, ya hana Auta ɗora ƙafa a kai. Auta tana gaisuwa, matar yayanki ma haka, ita ce ma ta fi kowa damuwa da shirun nan naku. Kawunku na kanti ya ce a gaishe ki. Gwaggo ma tana gaisuwa, mun yi magana, ta ce ita ba da wata manufa ta tura ba, na ce Allah ya sa. Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki shafa kan yara, ki ce kakarsu tana jin labarin wanda ba ya son karatu.

Kada ki wahalar da kanki neman mayafin a kayanki. A kan igiyar shanya kika manta shi ranar tafiya, don kullum sai mota ta tsaya kike haɗa kaya. Na wanke shi na goge, yana cikin akwatina, a ninke, kusa da farin fentin. Ɗaya daga cikin biyun zan fitar in miƙa wa yayanki, kuma amsarki nake jira in san wanne.

Allah ya yi miki albarka, ya haɗa kanku bayan raina.

Ni ce mahaifiyarki,
Mama